Ɗakin da ba ya zaunuwa sai da kuran: tarihin gini da zafi daga Gazawa zuwa Tsibiri

A Gazawa ne layin wutar da ya taso daga Katsina yake sauka. Layi ne mai ƙarfin kilobolt 132, kuma daga tashar Gazawa ake raba wutar, reshe ɗaya ya yi yamma zuwa Maraɗi, ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram. A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wannan wuta saboda takunkumin CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin da Nijar take sha daga can yake zuwa. Ba a maido shi ba sai cikin watan Maris na 2024, gab da bazara ta kankama.

An yi rubutu da yawa kan siyasar al'amarin, ni ba can na nufa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da watannin nan suka tona game da ɗakunanmu. A zafin nan na watan Oktoba da yake biyo bayan ɗaukewar ruwa, duk wanda yake haya a ɗakin siminti mai rufin kwano ya gane cewa ɗakin nasa ba ɗaki ba ne sai in fanka tana juyawa. Amma tsohuwar da take cikin soron ƙasa a ƙauye ko a jikinta, don dama ba ta taɓa haɗa barcinta da wayar Katsina ba. Tambayata ke nan: yaushe muka fara gina ɗakunan da ba sa zaunuwa sai da kuran, kuma me ya kai mu?

Sai mu koma baya kaɗan. A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa ya sauka Gazawa a hanyarsa ta zuwa Katsina. Garin da ya tarar kewaye yake da kafi na itace da gwalalo, saboda zamanin yaƙi ne tsakanin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri a gefe ɗaya, da daular Sakkwato a ɗaya gefen. Gidajen wannan yanki a lokacin yawancinsu bukkoki ne da dangar kara. Na kawo wannan ne don wasu abokanmu in suna kirarin ginin gargajiya sai ka ce kowane kakanmu a soro mai zanko aka haife shi. Ba haka ba ne. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ya fi yawa, yumɓun gini sai a gulbi ko fadama ko bakin tabki. Soro na sarakuna ne da attajirai da manyan malamai. Talaka ɗakinsa zagayayye ne, bangon ƙasa ko na kara, jinka a kai, rumfa a tsakar gida. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon ƙarni na 20, mutane suka fita daga garuruwa masu kafi suka bazu cikin daji suna sara gonaki, da irin wannan ɗaki suka tafi. Ƙauyukan da sunansu ya fara da "Gidan" shaidar wannan bazuwa ce.

Jinka tana da sirrinta. Ciyawa mai kauri ba ta barin zafin rana ya ratsa, iska mai zafi kuma tana tashi sama ta sulale ta tsakanin ciyawar. Aibinta biyu ne, gara da wuta, kuma na biyun ba abin wasa ba ne. Mutanen Maraɗi ba za su manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, da gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare, yara sama da ashirin suka rasu. Wanda ya ce a koma wa ciyawa a cikin gari mai cunkoso bai yi tunani ba.

Soro kuwa wata dabara ce dabam, kuma a kansa nake so in daɗe. Magini yana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana tana ruɓa, a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Bango daga ƙasa yake da kauri, yana sirancewa in ya yi sama. Rufi kuwa azara ake jerawa, ta giginya in an samu, don gara ba ta cika cinta ba, ko ta goriba, a shimfiɗa zana ko kara, a ɗora ƙasa mai kauri, a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a fitar da indararo. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar mita biyu, shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗaure azara daki-daki a lulluɓe ta da ƙasa har ta lanƙwasa ta haɗe a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ita Falke Barmu daga baya ya sake rufin masallacin Yama a jihar Tawa da ya fara ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Manomi ne kuma magini, bai shiga lakwal ta zanen gini ba.

To me ya sa soro yake da sanyi da rana? Ƙasa tana shan zafi a hankali, tana sakinsa a hankali. Zafin da ya bugi bayan bango mai kauri da hantsi ba ya isowa ciki sai bayan awoyi da yawa, kusan dare. A lokacin hunturu wannan alheri ne biyu: da rana ɗaki da sanyi, da dare kuma ɗumin da bango ya adana ya fito daidai lokacin da ake nemansa. A bazara kuwa sai a faɗi gaskiya: soro da dare tanda ne. Zafin da ya sha yini guda a lokacin yake amayar da shi. Kakanninmu sun san haka sarai, shi ya sa ba wanda yake kwana a ciki a watan Afrilu da Mayu. Ana fitar da tabarma tsakar gida, a bar ƙofa a buɗe ɗaki ya huce kafin asuba.

Nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Abin da yake kare mutum daga zafi a gidan Bahaushe ba bango kaɗai ba ne, gidan ne baki ɗaya da yadda ake yawo a cikinsa. Da safe ana tsakar gida, da rana ana zaure ko rumfa ko gindin itace, da dare ana fili. Murhu yana waje, bai ƙara wa ɗaki zafi ba. Randa tana inuwa a kan yashi mai laima, ruwan da yake tsatsafowa ta jikinta yana bushewa yana sanyaya na ciki. Taga ƙarama ce, a sama. Ƙofa ba a cika fuskantar da ita gabas ba, don daga can hadari da iskarsa suke bugowa. Kowane wuri a gidan yana da lokacinsa. In ka cire tsakar gida, ka cire rabin dabarar, ko da bangon na ƙasa ne.

Shekarar da nake ɗauka mafarin canji ita ce 1945. A shekarar ne Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya rushe tsohon garin da yake cikin kwari. Turawan Faransa suka maida garin kan tudu, suka yanka shi da layuka miƙaƙƙu masu faɗi, fili-fili murabba'i. Tsohon gari lunguna ne matsattsu, katanga tana yi wa katanga inuwa. Sabon gari kuwa titi ne buɗaɗɗe a kan yashi, rana tana duka ta ko'ina, sai dogon yaro da aka dasa daga baya ya rufa asiri. Irin wannan yanka shi ne ya zama abin koyi, har yau duk garin da ya girma a kan babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agye da Gazawa haka ake yanka masa fili, ba mai tambayar ina rana take fitowa.

Sai kuɗin gyaɗa. Daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen 1960 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar take fitarwa, jihar Maraɗi da ta Damagaram ne rumbunta. An kafa SONARA a 1962 don cinikinta. A nan Alhazan Maraɗi suka yi ƙarfi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Kuɗi ya shigo, motoci suna zuwa Kano suna dawowa da kaya, cikin kayan har da kwano. A Malbaza kuma aka buɗe masana'antar siminti tun shekarun 1960. Ofishin komanda, asibiti, lakwal, gidan ma'aikaci, duk abin da yake na hukuma da siminti da kwano aka san shi. Yaro ya tashi yana ganin ginin ƙasa na wanda bai samu ba ne. Gyaɗar ta durƙushe bayan farin 1973 da 1974 da cutar da ta bi ta a 1975, amma sha'awar kwano ba ta tafi da ita ba. Har yau ɗan ci-rani in ya dawo daga Libiya ko Legas, abin da ake fara dubawa a ƙauye shi ne ko ya sa kwano.

Ba na zargin kowa da wauta a nan. Kwano yana da hujjarsa. Ba ya son yaɓe duk shekara, ba ya faɗo wa mutum a ka cikin dare in an yi ruwan kwana uku, kwana ɗaya an gama rufi. Azara kuma ta yi wuya. Giginya a Nijar sai can wajen Gaya, goribar Gulbin Kaba da ta ratsa ƙasar Gazawa da Agye ta sha sara da fari, abin da ya rage mata da yawa kaba ce da ake yanka tun tana ƙasa don tabarma da igiya. Gayyar yaɓe da samari suke yi a da ta ja baya. Sannan ruwan sama ya canza hali. A daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a duk ƙasar, gidajen ƙasa ne suka fi zubewa, a Damagaram har tsohon masallacin Birni na ƙarni na 19 ya faɗi a farkon Satumba. Wanda ya tono ɗan uwansa daga ƙarƙashin bango ba za ka yi masa wa'azin sanyin ƙasa ba.

Amma a duba lissafin. Muna kusa da daraja 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai tsakar ka. Da tsakar rana kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar zafin da ya kai wat dubu. Ɗaki mai mita huɗu-huɗu ke nan rufinsa yana shan wat dubu goma sha shida. Ba dukansa yake shiga ba, wani yana komawa sama, iska tana kwashe wani, amma kwano bai kai kaurin farce ba, ba ya jinkirta komai. Abin da ya sha nan take yake zubo maka. Bulon siminti mai rami kuma ba shi da kaurin da zai riƙe zafi har dare, yana kai shi ciki tun la'asar, daidai lokacin da ka dawo kana neman hutawa. Fanka wat hamsin zuwa saba'in take ci, kuma ba ta sanyaya iska, juya ta kawai take yi. Kilim ɗin ɗaki ɗaya yana cin wat dubu ko fiye, wato fanka goma sha biyar ko sama. Wa yake da shi cikinmu?

Wanga lissafi ya fi muni a gidan haya, kuma nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Garin Maraɗi mutum dubu arba'in da ƴan kai ne a ƙidayar 1977, a ta 2012 ya haura dubu 267, jihar baki ɗaya ta haura miliyan uku da dubu ɗari huɗu. Gazawa da ta zama departama mai zaman kanta a 2011 ta samu ma'aikatan da suke neman wurin kwana. Amsar da masu fili suka bayar ita ce selibateriyom: ɗakuna a jere, antire-kushe ko shambur-salon, bayansu a manne da katangar maƙwabci, ƙofa ɗaya da taga ɗaya duk a fuska guda, tsakar gida siririya an malale ta da siminti. Iska in ta shiga ba ta da mafita, don haka ba ta shiga. Na zauna a irinsa shekara biyu, jerenmu yana kallon yamma, ba filafon. Da na yi wa mai gidan maganar ko rumfar zana ce a kafa a gaban ƙofofi, cewa ya yi: "Yaro, kai da ka zo karatu, ina ruwanka da rana? Waɗanda sunka riga ka ba su mutu ba." Ban ga laifinsa sosai ba. Shi ya biya kuɗin gini, ni nake biyan faktir. Duk abin da zai kashe don ɗakin ya yi sanyi, aljihuna zai amfana, ba nasa ba. Kuma mu maza muna da mafita, muna tafiya fada mu sha shayi a gindin itace har dare ya raba. Matar aure mai jego da take cikin ɗakin tun safe ita ce take biyan kuɗin wannan gini da jikinta.

Yanzu kuma benaye sun fara tashi, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, gilashi mai faɗi a fuskar titi ko da titin yamma yake. A bene ba tsakar gida, ba gindin itace, ba inda za ka fitar da tabarma. Wanda yake hawan ƙarshe a ƙarƙashin dal ɗin kankare shi ne ya fi kowa shan wuya. Ba hawa sama ne laifin ba. A Shibam ta ƙasar Yaman akwai benayen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama, ɗaruruwan shekaru ana zaune a cikinsu, a matse da juna suna yi wa juna inuwa. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ta ƙasa.

Turawa suna da suna ga wannan fanni, ma'anarsa gini mai kula da kansa ba tare da na'ura ba. A Darmstadt ta Jamus aka gina na farko da ya cika sharuɗɗansu a 1991, gidaje huɗu a manne, ƙarƙashin jagorancin Wolfgang Feist. Su sanyi suke yaƙi da shi, suna toshe gida kada ɗumi ya fita. Wanda ya kwaso zanensu ya dasa a Agye ya sayi wahala. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun sa wa abin lamba, ana auna gini a ce ya ci ko ya faɗi.

Misalan da suka fi kusa da mu suna nan gida. Tun 1980 a Cikal, ƙasar Filinge, aka fara gwada gini ba itace, wanda ƙungiyar Development Workshop ta yaɗa: rufi mai ƙubba ko mai baka da tubalin ƙasa zalla, dabarar mutanen Nubiya da Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da ita. Wannan ya amsa matsalar azara. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makaranta a 2001, bai jefar da kwano ba, ɗaga shi ya yi sama da silin ƙasa ya bar rata iska tana wucewa, ya kuma faɗaɗa shi ya zama malafa ga bango. Kwanon ya tare ruwa da rana, ƙasar ta tare zafi. Ni a ganina wannan ce dabarar da ta fi dacewa da mu, don ta amsa tsoron ambaliya, ba ta kuma nemi mutum ya bar abin da yake alfahari da shi ba. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker. Sai Niamey 2000 a Yamai, wanda Mariam Issoufou da abokan aikinta na united4design suka kammala a 2016: gidaje shida masu hawa biyu a manne da juna, da bulon ƙasa da aka matse da inji, kowane gida da ƴar tsakar gidansa da wurin shan iska a sama. Abin da ya burge ni a wurin shi ne sun tara iyalai a fili kaɗan ba su kashe tsakar gida ba. Abin da bai burge ni ba, shida ne kawai, kuma ba irinmu ne za su iya shiga ba.

Mai gina selibateriyom a Gidan Rumji ba ya bukatar kyautar ƙasa da ƙasa. In ya miƙe jeren daga gabas zuwa yamma, ƙofofi suka kalli kudu ko arewa, rana mai zafi ta safe da ta la'asar za ta bugi gajeren bango ne kawai, kuma wannan ko dala ba ya ci. In ya bar taki biyu tsakanin bayan ɗaki da katanga ya buɗe taga, iska ta samu hanya. Baranda a gaba, filafon da ramukan shaƙar iska a samansa, farin fenti a kan kwano. Gindin bango na siminti ko dutse har ya wuce inda ruwa yake kaiwa, daga nan ƙasa ta ci gaba. Wanda yake sa hannu a takardar yanka fili shi ne yake da ikon abu na farko, tun kafin a haƙa tushe.

Itace kuwa mun riga mun nuna wa duniya mun iya. Tun 1983 da Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman jihar Maraɗi su bar tohon kututture ya girma a gona, abin ya bazu har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan biyar da suka sake yin itace a kudancin Nijar, kuma Ɗan Saga ta ƙasar Agye na cikin ƙauyukan da baƙi suke zuwa gani. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, wato inuwarsa tana zuwa daidai lokacin da ake bukatarta. A gona manomi ya san wannan, yana kuma tsare shi da kwamitin gari. Amma in gonar nan ta shiga cikin yankan fili a bakin gari, abin da sabon mai fili yake fara yi kafin tifar yashi ta iso shi ne ya kira mai gatari.